Jan Biron da Na Ara wa Baffa

Na fi shekara ashirin ina koyarwa a firamare, ban taɓa duba aikin yaro da jan biro ba. Hedimastoci uku na yi rigima da su a kan haka. Ɗaya har ya sayo mini kwali guda ya dire a teburina, na rarraba wa yara suka yi ta zanen fulawa da shi. Sun ɗauka taurin kai ne, ban kuma musa ba, don ina da shi. Amma akwai dalili. Dalilin baffana ne, da yayana, da wasu littattafan zane guda goma sha ɗaya da muka yi tare ina 'yar shekara goma sha biyar.

Mu mutanen da ruwa ya tasa ne. Da aka tare ruwan Tiga, garinmu na cikin waɗanda ya cinye, aka kwaso mu aka zube a wani fako ta wajen Bebeji aka ce ga sabon gari nan. Ina goye a lokacin. Babanmu bai cika shekara biyu a sabon wurin ba Allah ya yi masa rasuwa, bai bar hoto ko ɗaya ba. Wa ke ɗaukar hoto a ƙauye a wancan zamanin? Na tashi ban san fuskar ubana ba. In na tambayi Inna sai ta ce dogo ne, mai haƙuri. To, rabin mazan da suka mutu dogaye ne masu haƙuri in matansu ka tambaya.

Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ya riƙe mu. Ba zan ci amanarsa ba, bai taɓa bambanta mu da 'ya'yan cikinsa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Manomi ne da ruwa ya mayar masunci, kuma in ya dawo daga su, kifin da ya fi maiƙo nawa ne. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin mugu zan bayar. Da mugu ne ma da na huta tuntuni.

Yaya ya girme ni da shekara biyar. Ya gama sakandare, aiki bai samu ba, sai ya koma lambun albasa yana ban ruwa. Wata rana ya sayi tsire a Kwanar Dangora, aka naɗe masa a fallen wata mujallar Turanci mai zane, mutane cikin 'yan akwatuna, magana na fita daga bakinsu a cikin da'ira. Ba farkon labarin, ba ƙarshensa, ga mai ya jiƙa rabi. Ya kawo gida ya goge shi da dutsen guga kamar rigar Sallah, ya yi sati yana kallo. Daga nan ya sayo littafin rubutu mai falle arba'in da fensir da baƙin biro, ya fara nasa.

Hannunsa a zane, sai dai a ce ma sha Allah. Amma rubutunsa kamar kaza ta yi tono, sannan duk mutanensa wa'azi suke yi. Yaro ɗan shekara goma zai buɗe baki ya ce, "Haƙiƙa ya kai mahaifina." Na karanta na yi dariya har na ƙware.

Na ce, "Yaya, a garin nan wa ka taɓa ji yana magana haka?"

Ya ce, "To ke da kika iya, rubuta mana."

Haka na shiga. Shi ya zana, ya bar mini da'irorin babu komai a ciki, ni in cika. Ƙwai muke ce musu. Sai ya miƙo mini littafi ya ce, "Ga ƙwai talatin nan, kafin gobe." Wannan bakin nawa da Inna ke cewa zai hana ni zaman aure, a nan ya fara amfani.

Labarin wani saurayi ne mai hula a karkace. Ba mu taɓa raɗa masa suna ba, kowa Mai Hula yake ce masa. A tsohon garinmu yake, a shekarar da ruwa zai zo. Malalaci ne, ga cika baki, ga saurin ɗora wa wani laifi. A littafi na farko an ba shi tsaron jaki, ya yi barci a gindin tsamiya, jaki ya shiga geron maƙwabci, ya tashi ya ce shanun Fulani ne. Ana shirin fasa kai sai wani dattijon Bafulatani ya zo ya nuna wa mai gari kashin jaki a tsakiyar gonar. A na huɗu ya yi wa 'yan mata alfaharin ya iya iyo, wata mai wanki ce ta miƙa masa gora ta jawo shi. A na bakwai ranar tashi ta zo, aka ɗora masa ƙyauren ɗakin kakarsa, ya ji nauyi ya yar a hanya. Tsohuwa ta zauna a rana ta ce ba za ta shiga sabon ɗaki ba sai da ƙyaurenta. Dole ya koma, ruwa har ƙugu, ya lalubo shi. Kowane littafi sai ya tafka wauta ɗaya ya koyi abu ɗaya, kuma kowane littafi Yaya na ɗan miƙe masa hular nan kaɗan, yadda sai mai lura zai gani. Goma sha biyu muka shirya yi. A na ƙarshe hular za ta zauna daidai.

Gari ya ɗauka. Muka yi musu bango da takardar siminti, suna yawo hannu zuwa hannu, daga bakin rijiya zuwa tashar 'yan acaɓa. Tsofaffin mata ba su iya boko ba, sai su zaunar da ni in karanta, su kuwa ba labarin ne ya dame su ba. Garinsu suke nema a bayan mutanen. Wata ta dangwala yatsa ta ce, "Ga rijiyar bakin kasuwa!" Wata ta ce, "Je ki gaya wa yayanki kukar nan ta fi haka kauri, maza huɗu ba sa zagaye ta." Sai ya gyara a littafi na gaba.

Uban Mai Hula kuwa ubanmu ne, kowa ya sani ba sai an faɗa ba. Amma kullum ta baya Yaya ke zana shi, ko kuma malafa ta rufe fuskar. Na dame shi da naci. Ya ce, "Ban tuna ba. Bayansa na fi sani, don a bayansa nake tafiya in za mu gona."

Muna cikin na tara, wata safiya ya dawo daga lambu tun rana ba ta yi zafi ba, laka har gwiwa, bai wanke ba. Ya zauna a gindin rumbu ya kama zane. Aka kawo abinci bai duba ba. Sai la'asar ya kira ni. Shafi guda cur ya cika da mutum ɗaya, yana tsaye cikin kwalekwale, ya waiwayo yana kallon wanda ke kallonsa. Akwai tabo a girarsa ta hagu, da wushirya, idanun a ɗan tsuke irin na wanda ya saba da rana. Na kai wa Inna. Ta duba, ta toshe baki da gefen mayafi, ta ce, "Shi ne," ta shige ɗaki.

Yaya ya bar mini ƙwai ɗaya a gefen bakinsa. Na yi kwanaki ina riƙe da biro ban san me zan sa wa ubana a baki ba, na bar shi haka. Kuma daga ranar na hana na tara fita daga gida. Duk mai son karantawa ya zo ya zauna a gabana, ya wanke hannu tukuna. Abin da nake da shi na ubana ke nan a duniya, falle ɗaya na littafin rubutu.

Shekara biyu muka yi muka kai goma sha ɗaya. Sai wani direba da ke lodi a Kwanar Dangora ya karanta biyu daga ciki yana jiran fasinja, ya aiko a gaya wa Yaya surukinsa na da injin buga littattafai a Zariya, kuma surukin zai biyo ta Kwanar ran Asabar. A kawo duka ya gani.

A gidanmu ba a fitar da abu mai muhimmanci sai babba ya gani ya sa albarka. Ko akuya za ka kai kasuwar Kafin Maiyaƙi sai an jawo ta gaban Baffa ya shafa bayanta ya ce Allah ya kawo mai rabo. Shi kuwa Baffa, a duk garin shi kaɗai ne bai taɓa buɗe littattafan nan ba. Ya san dai yaron na ɓata takarda, ya ɗauka sha'anin makaranta ne, kuma ba wanda zai kai wa dattijo labarin saurayi da 'yan mata a bakin rafi.

Na ce, "Yaya, ka gaya masa da baki kawai."

Ya ce, "Haba. Ya za a yi in nuna wa baƙo abin da Baffa bai gani ba?"

Ran Talata da hantsi Baffa na gyaran taru a rumfa, muka je muka durƙusa muka gaishe shi. Yaya ya ajiye su a gabansa ya yi bayani. Baffa ya goge hannu a riga, ya buɗe na farko, ya daɗe yana juya shafi.

Can ya ce, "Duk kai ka yi waɗannan?"

"Ni da ita, Baffa."

"Ita ma zanawa take?"

"A'a, magana take sa musu."

"Af. Har magana suke yi." Ya rufe. "Ku bar mini su kwana uku."

Da yamma ya kira ni. "Uwata, kina da abin rubutun nan ja, irin na malaman makaranta? Da katakon nan da kuke jan layi da shi?"

Da gudu na je na ɗauko. Da gudu, har da tuntuɓe! Sabon jan biro ne da nake tattali, da rulata. A raina na ce Baffa zai yi mana maki ne kamar yadda malamai ke yi, ya ɗan sa alamar daidai a gefe. Na miƙa masa da hannu biyu ina washe baki. Duk lokacin da na tuna wannan washe bakin sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana uku bai je su ba. Yana zaure, ƙofa a ɗan sakaye, ba ya fitowa sai salla. Inna har tana gaya wa maƙwabta cewa Baffa ya bar sana'arsa yana karatun yaran.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira mu. Ya naɗe littattafan a farin ƙyalle mai tsabta, suna ƙamshin turare. Idanunsa sun yi ja don aiki, amma fuskarsa fes, irin ta wanda ya sauke nauyi.

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Na gama muku."

Yaya ya kwance ƙyallen ya buɗe na farko. Ga Mai Hula nan a gindin tsamiya yana barci, da jan layi a wuyansa, daga wannan gefe zuwa wancan, a miƙe sambal da rulata. Ya juya shafi. Mai gari, jan layi. Dattijon Bafulatani, jan layi. A na huɗu, yarinya mai gora, jan layi. Kakar da ke jiran ƙyaurenta, jarirai a goye, mutanen da ke can nesa a kasuwa waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai bar jaki ba. Bai bar kaji ba. Kifi da Allah bai yi masa wuya ba, sai da Baffa ya nemo masa wuya ya yanka.

Baffa ya ce, "Malaminmu na tsohon gari ya karantar da mu, duk wanda ya zana mai rai, ran gobe za a ce ya busa masa rai. Amma in an raba kai da gangar jiki, to ya tashi daga mai rai. Na fara ƙirga su na gaji. Ɗana, ina za ka samu ran da za ka busa wa wannan taron? Ni zan tsaya gaban ɗan'uwana in ce na bar ɗansa da wannan kaya a ka? Yanzu kai su duk inda za ka kai, Allah ya yi albarka." Ya miƙo mini birona. "Uwata, ki yi haƙuri, ya kusa ƙarewa."

A fahimce ni. Ban yi jayayya da abin da malamai suka faɗa ba, a lokacin ko yanzu, ba fagena ba ne. Da ya zaunar da mu ya ce ga abin da ya sani, ga tsoron da yake ji mana, da an yi magana. Da an je an tambayi wani malamin. Amma bai tambaye mu ba. Bai ma zo masa a rai cewa akwai abin tambaya ba. Aikin shekara biyu ya ɗauka ya gyara mana kamar yadda zai gyara taru, yana kuma jiran godiya.

Na zaro na tara. Na juya, na juya, na wuce wurin, na dawo baya. Babu. An yanke fallen da reza daga gindin ɗinki, a tsanake, ko kaɗan bai taɓa na kusa da shi ba.

Na ce, "Baffa, ina shafin nan?"

"Wanne?"

"Kun san wanne."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wannan na kawar da shi."

A wurinmu in dattijo ya ce ya kawar da takarda, wuta ce. Na waiwaya na dubi murhu. Sai idona ya rufe. Na ce, "Ruwa ya ci garinsa, ƙasa ta ci jikinsa, ɗan abin da ya rage mini kuma ku kuka ƙone!" Inna da ke tsaye a bakin ƙofa ta zo ta buge mini baki, har leɓena ya fashe. Ban ji zafinsa ba. Abin da na ji shi ne muryar Yaya. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa littattafan, ya mayar da su cikin ƙyalle, ya ce, "Mun gode, Baffa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma."

Na bi shi har bayan rumbu.

"Godiyar me, Yaya? Godiyar me?"

"Ke yarinya ce. Kwana uku bai je su ba saboda mu."

"Da ya je! Da kwalekwalen ya kai shi har tsohon garin!"

"Ki iya bakinki."

"Kai ka iya naka ai, ga shi nan ka gode."

Ya tsaya yana kallona. Na so ya yi ihu, ya jefar da wani abu, ko ni ya mara. Sai ya ce lokacin ban ruwa ya yi, ya ɗauki fartanya ya fita.

Washegari ni na tilasta masa zuwa Kwanar Dangora, na kuma bi shi da sunan zan sayo sabulu. Mai injin wani mutum ne mai tumbi da tabarau, yana zaune a bencin mai shayi. Ya buɗe na farko ya fashe da dariya har shayi ya zube masa.

"Kai, samari! Wa ya yi wa mutanenka yankan rago haka?"

Yaya ya ce, "Baffanmu ne."

Mutumin ya bar dariya. Ya ci gaba da karantawa, ya gama na farko ya ɗauki na huɗu, direban na ta yi masa hon bai kula ba. Daga ƙarshe ya ce hannun yana da kyau ƙwarai, kuma wanda ya rubuta maganganun ba shi da kunya, abin da ake so ke nan. Amma ja a injinsa baƙi yake fitowa. Kowa zai fito da igiya a wuya, ba mai sayen wannan. Ya ce, "Sake zana su, ka kawo mini. Ina nan."

Yaya ya ce to. Muka taso. A hanya ya tsaya ya sayi irin albasa, muka ƙarasa gida.

Bai sake zane ba. Na yi ta feƙe fensir ina ajiye masa a kan tabarma, shi kuma yana ba 'ya'yan Baffa. Na ce to na haƙura da littattafan, na haƙura da Zariya, fuskar nan kawai ya sake yi mini. Na yi kuka, na yi gaba da shi wata guda. Sau ɗaya ya gwada don in ƙyale shi, abin da ya fito fuskarsa ce shi kansa da tabo a gira. Ya yaga. Ya ce, "Sau ɗaya ta zo mini. Ba ta sake zuwa ba." Ni kuwa da na yi wata da watanni ina kallon shafin nan, a hankali ya dinga dushewa a kaina. Na riƙe tabon, na riƙe wushiryar, amma yadda suka haɗu suka zama mutum ya ɓace.

Tsofaffin ma suka daina aikowa. Ɗaya ta buɗe na bakwai ta ga kaka da jan layi a wuya, ta ce a'uzu billahi ta ture shi da ƙafa. Littattafan suka zauna a saman rumbu har gara ta same su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da gari ya shiga yi wa Yaya. Duk inda na zauna sai in ji ana cewa yaron nan ya yi hankali. Ya bar shirme ya kama lambu. Ya girma. Shekara biyu muka yi muna nuna musu yadda saurayi ke girma, ya daina ƙarya, ya koma cikin ruwa ya ɗauko ƙyauren da ya yar. Suka karanta, suka yi dariya, suka tafa. Ashe su a wurinsu girma shi ne a taka ka ka ce an gode. Har da masu cewa in yi koyi da shi.

Na ci gaba da durƙusa wa Baffa kowace safiya ina gaishe shi. Ya ci gaba da ware mini kifi mai maiƙo, na ci gaba da ci, don fushi bai taɓa hana ni cin abinci ba. Shi ya tsaya tsayin daka aka kai ni makarantar horon malamai lokacin da wasu ke cewa boko ya ishe ni haka. Na sani, ban manta ba. Amma ban yafe ba, kuma ya san ban yafe ba. Shekara goma ba wanda ya ƙara tayar da maganar tsakaninmu.

Ya rasu bayan wata damina, ina da 'ya'ya biyu a lokacin. Bayan sadakar arba'in aka fito da kayansa tsakar gida: taru, riguna uku, buta, da gafakar da yake ajiye Alƙur'aninsa. Yaya ne babba a maza, shi aka miƙa wa. Ya zaro Alƙur'anin da ladabi ya ajiye a kan buzu. Sai ya ji akwai wani abu a bayan allon fatar, ya sa yatsa ya jawo wani ɗan ƙyalle a ninke, ya warware, sai ga fallen takarda.

Ubana ne. Yana tsaye a kwalekwalensa, ya waiwayo. Wuyansa lafiya lau, ko ɗigon ja babu. Kusurwoyin takardar sun yi baƙi saboda yawan taɓawa, tana ɗan ƙarnin kifi.

Matar Baffa ta ce, "Allah sarki. Kullum in ya idar da karatun safe sai ya buɗe ya ɗan duba." Mata suka fara sharar hawaye, ana ta cewa zumunci, zumunci.

Ni kuwa wani fushi ya taso mini, irin na ranar Juma'ar nan, har ya fi. Ashe ya sani. Ya san abin da fuska take nufi ga wanda ya rasa mai ita. Ya bi mutum dubu ya yanka hannunsa bai yi rawa ba, da ya zo kan nasa sai ya kasa. To da ya kasa, me ya hana ya bar mini? Shi da ya yi shekara talatin yana kallon ɗan'uwansa, suka ci tuwo a kwano ɗaya, shi ne ya raba marainiyar da ba ta da komai da falle ɗaya, ya bar ta tana kallon murhu. Shekara goma ina durƙuso a gabansa, ubana na rataye a bango bayan kansa. Kuma in har ya yarda da abin da ya gaya mana, to wannan ɗayan ya bar wa Yaya a ka da saninsa, don shi ya samu abin dubawa da safe.

Ban faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mutum na kabarinsa, kuma leɓena ya koyi darasi.

Yaya na riƙe da takardar. Hannunsa ya yi kaushi, duk ya tsattsage da aikin lambu, ka rantse ba shi ya yi zanen ba. Ya daɗe yana kallo. Na matsa kusa, a raina ina cewa yau dai zai fashe, yau zai faɗi abin da ya haɗiye. Sai ya ɗago kai ya dubi yaran gidan, a hankali ya ce, "Akwai jan biro a gidan nan? A cika wa Baffa aikinsa, kada ya zame masa nauyi a can."

Har wani ya miƙe zai shiga ɗaki. Na fizge takardar daga hannun Yaya, a gaban dattawa, a gaban surukai, na cusa ta cikin rigata.

Ya ce, "Ke, lafiyarki kuwa?"

Na ce, "In an zo tambaya, ka ce ni na hana."

Aka yi ta salati, aka ce har yanzu ban yi hankali ba. Na goya ɗana, na ja hannun 'yata, na fita neman acaɓa ko sallama ban yi ba.

Tana nan a ƙasan akwatina, ƙwan da ke gefen bakinsa har yau babu komai a ciki. Yaya na zuwa gidana duk Sallah da buhun albasa, mu gaisa, mu yi hirar yara da tsadar taki. Bai taɓa cewa in nuna masa ba. Ni kuma ba na barin jan biro ya kwana a gidana.